Inda inji ya yi kuka ba nan ciwon yake ba

A ɗauki masana'antar cika kwalabe irin waɗanda ke Kakuri ko Kudenda, ƙarfe biyu na dare, tsakiyar damina. Bel ya tsaya cik, fitilar saman inji ta koma ja, allon kwamfuta ya cika da saƙonni sama da talatin: moto na uku ya yanke, bawul bai amsa ba, matakin ruwan tanki ya ɓace, an rasa sadarwa da tasha ta shida, ɗaya daga akwatunan da ke haɗa kayan da ke nesa da sauran tsarin. Shugaban aikin dare ya zo ya tsaya a kan mai gyara yana duba agogo: "Injiniya, PLC ɗin nan ne ya sake. A sauya kati kawai mu ci gaba." A daidai wannan minti ake tafka kuskure mafi tsada a sana'ar, domin saƙonni talatin ɗin nan ba cuta talatin ba ce. Cuta ɗaya ce, sauran duk kukan makwabta ne.

Babban tsarin sarrafa injina hawa-hawa ne. A ƙasa akwai sensa da makunnai masu jin abin da ke faruwa, da moto da bawul masu aikatawa. A tsakiya akwai PLC, kwamfutar masana'anta da ke karanta abin da ya shigo, ta bi shirin da aka rubuta mata, ta fitar da umarni, ta sake zagayowa cikin 'yan milisakan. A sama akwai allon da mai kula da inji ke kallo. Wayoyin sadarwa ne suka ɗinke su, wutar 24V kuma ita ce jinin jikinsu. PLC ta samo asali ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da General Motors ya gaji da kwance ɗakunan rile, wato makunnan da lantarki ke buɗewa da rufewa, duk sadda aka sauya samfurin mota, shi ya sa har yau shirinta ke kama da zanen wayoyin rile. A Kaduna kuwa zamunnan duka suna zaune tare. Garin da aka kafa masaƙa tun 1957, aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980, ba abin mamaki ba ne ka buɗe akwatin wuta ka tarar da rile na zamanin da, kusa da shi PLC ta shekarun 1990, a gefe kuma sabon diraib, na'urar sarrafa gudun moto, da aka ɗaura bara. Zanen wayoyin da ke cikin durowa sau da yawa na farkon ne kawai ya sani.

A cikin wannan jeri, PLC ce ta fi kowa shan zargi, kuma ita ce ta fi kowa wuyar lalacewa. Tana kulle cikin akwati, ba ta juyawa, ba ta goguwa da komai, shirinta ba ya tsufa. Abin da ke shan rana da ruwa da girgiza da haƙorin ɓera shi ne sensa da waya da mahaɗa. Don haka wanda ya fara da buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka yana leƙen shiri ya fara daga inda ya kamata ya ƙare.

Aikin farko tambaya ce, ba sukudireba ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai kula da injin nan ya fi kowa sanin muryarsa. Ana tambayarsa a hankali, ba da sigar tuhuma ba, don in ya ji ana neman wanda za a ɗora wa laifi zai ce bai ga komai ba. "Malam, me ka ji kafin ya tsaya? Wuta ta yi ƙyaftawa? An koma janareta? An wanke wurin da ruwa? Wa ya taɓa shi a aikin rana?" Tsarin da ya yi shekara biyar yana aiki bai canza ra'ayi da kansa ba. Wani abu ne ya canza, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Sai a koma jerin ƙararrawa, a jera su bisa lokaci, a nemi ta farko. A nan akwai tarko biyu. Na ɗaya, allon yakan ɗora mafi sabuwa a sama, ko mafi girman daraja, alhali wadda ake nema tana can ƙasa. Na biyu ya fi muni: in agogon PLC da na allo da na diraib ba su daidaita ba, jerin ƙarya ne. Bambancin daƙiƙa biyu ya isa ya mai da sakamako ya zama sanadi. Shi ya sa ma'ajiyar bayanan cikin PLC kanta ta fi abin dogaro. A Siemens S7-300, alal misali, fitilar SF da ta BF suna nuna akwai matsala ne kawai, amma ma'ajiyar tana rubuta abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya da lokacinsa. A can ne za ka ga cewa PLC ta shiga STOP ba don ta lalace ba, sai don wata tasha ta ɓace mata kuma wanda ya rubuta shirin bai saka OB86 ba, wato sashen da ke karɓar irin wannan labari. Ba shi, PLC kan zaɓi ta tsaya gaba ɗaya. Sabon kati ba zai hana haka ba.

Ambaliyar ƙararrawa ba ƙaramar magana ba ce. A watan Yulin 1994, a matatar Texaco da ke Milford Haven a Birtaniya, tsawa ta rikita aiki tun da safe. Cikin mintuna 11 na ƙarshe kafin fashewa, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Daga cikin tushen abin akwai bawul da ke rufe alhali allo na nuna a buɗe yake. Mutum 26 suka ji rauni. Wannan bawul ɗin ya kamata kowane mai gyara ya riƙe a ransa, domin sau da yawa abin da allo ke nunawa umarnin da aka bayar ne, ba abin da ya auku ba. In bawul ba shi da makunnin da ke tabbatar da matsayinsa, koren da kake gani fata ne kawai. Sai an taka an je an gani.

A ce a misalinmu ƙararrawar farko ita ce ɓacewar tasha ta shida. Kafin a zargi sadarwa, a auna wuta. Kayan PLC an yi su ne su jure daga kusan 20.4V zuwa 28.8V. Kuskuren da aka saba shi ne a auna a bakin na'urar ba da wutar, a ga 24.1V, a ce lafiya. Awon da ke da amfani a can ƙarshen waya yake, a kan tashar kanta, inji yana aiki. Kuma mita ta yau da kullum ba ta ganin faɗuwar da ba ta wuce milisakan hamsin ba. Sai a sa ta a yanayin da take riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma, a bar inji ya yi zagaye goma. Idan ta riƙe 16V, an samu hanya. Na'urorin ba da 24V na zamani ba sa jira fiyus ya ƙone: da sun ji gajeren haɗi sai su janye wuta su sake mayarwa. Fiyus na nan lafiya, bireka bai faɗi ba, amma duk abin da ke kan layin ya mutu ya farfaɗo cikin ƙiftawar ido.

Ga inda sadarwa ke shigowa. Wayar sadarwa ta Profibus, mai launin shunayya, tana buƙatar abin toshe ƙarshe, wato rezisto mai hana saƙo dawowa, a bakinta biyu, ba ƙari ba ragi. In an kashe wuta aka auna tsakanin wayoyinta biyu, kusan om 110 ake sa ran gani. Kusan 220 na nufin toshi ɗaya ne ko waya ta tsinke a hanya, kusan 73 na nufin wani ya kunna na uku a tsakiya, abin da kan faru idan an ari fulogi daga wani wuri ba a duba ɗan makunninsa ba. A wani tsarin sadarwar, Modbus na RS-485, om 120 ne a kowane baki, awo ya ba da 60. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne toshin Profibus yana shan 5V daga na'urar da aka soka shi a kai. Idan tasha ta shida ce ta ƙarshe kuma wutarta ta yi ƙasa, ba ita kaɗai ke ɓacewa ba: saƙonni sun fara dawowa kamar amsa-kuwwa, tasha ta biyu da ta huɗu su ma su riƙa shiga suna fita. Nan ne saƙonni talatin suka fito. Mai gyaran da ya bi tasha ta biyu don ita ce ta fi yawan kuka zai kwana a wurin. Tsawon waya ma yana da iyaka da gudun sadarwa: mita 200 a gudun megabit 1.5, mita 100 kacal a megabit 12. Ƙarin mita talatin da aka yi lokacin faɗaɗa layi na iya zama abin da ya tura tsarin bakin rami, ya jira ranar zafi ko ranar tsawa ya faɗa.

To me ke jan wutar ƙasa? A nan ake amfani da dabarar raba biyu, wadda ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Kada a bi waya ɗaya-ɗaya daga farko. A cire rabin rassan 24V, a gwada. In faɗuwar ta tafi, cutar na cikin rabin da aka cire. A sake raba shi biyu. Rassa 32 gwaji biyar suke buƙata, ba 32 ba. A irin wannan layi abin da aka fi tararwa a ƙarshe shi ne wayar da ke bin hannun inji mai kai-kawo, ta goge a bakin ƙarfe, tana taɓa jiki ne kawai idan hannun ya kai ƙarshen tafiyarsa, ko kuma fulogin koyil ɗin bawul da ruwan wanki ya shige shi don robar bakinsa ta faɗi. Kayan gyaran bai kai kuɗin cin abincin rana ba. Katin da aka so sauyawa kuwa da dala ake sayo shi, kuma in babu a Legas sai an jira makonni.

Siginar awo tana da nata karatun. Tsarin 4 zuwa 20mA an fara shi daga 4 ne da gangan, don a bambanta tanki wofi da waya tsinkakkiya. Tankin mita 5, in ruwa na rabi, 12mA za ka gani, kuma a kan rezisto mai om 250 hakan 3V ne. Sifiri na nufin waya ta yanke ko babu wuta. Ƙasa da 3.6mA ko sama da 21mA, a na'urorin da ke bin ƙa'idar NAMUR, na nufin na'urar da kanta take cewa ba ta da lafiya. Wanda ya fi haɗari shi ne adadi mai kyau da ba ya motsi. Layi miƙaƙƙe sumul a kan allo, alhali famfo na aiki, ba kwanciyar hankali ba ne. A Buncefield ta Ingila, a Disambar 2005, ma'aunin tankin fetur ya maƙale yana nuna adadi ɗaya ana ta ɗura mai, kuma ya riga ya maƙale sau 14 a 'yan watannin da suka gabata ana lallaɓa shi. Makunnin kariya na ƙarshe shi ma bai yi aiki ba don ba a sa kwaɗon da ke riƙe hannunsa a daidai ba. Hanyar raba gardama a sigina mai sauƙi ce: a cire sensa, a sa na'urar da ke ƙirƙirar 4, 12 da 20mA a wurinsa. In allo ya nuna sifiri, rabi da cikakke, daga waya har PLC an wanke su, saura sensa ko bututun da ke kai masa matsi, wanda kan toshe da laka.

Ma'aunin zafi na Pt100 om 100 yake a digiri sifiri, 138.5 a digiri 100. Kowane om ɗaya na ƙari kusan digiri 2.6 ne na ƙarya. Mita 100 na waya mai kaurin 0.5mm², zuwa da dawowa, om 7 ne, wato kusan digiri 18. Saboda haka ake jan waya uku. Sukurun da ya yi tsatsa a damina kan sa tukunya ta nuna zafin da ba ta kai ba, kaya su fito ba su dahu ba, a yi ta zargin mai kula da ita.

Wutar layi uku kuwa a Kaduna kowa ya san halinta. Ba ɗaukewa gaba ɗaya ce ta fi wahalar da masu gyara ba, wannan kowa ya gani. Ƙyaftawa ce, da lokacin komawa janareta, da rashin daidaito tsakanin layuka. Kwantakta, makunnin da ke ba moto wuta, takan saki idan wutar koyil ɗinta ta faɗi sosai ko da na ɗan lokaci ne, ta buɗe, moto ya tsaya, wuta ta dawo, babu wata shaida sai saƙon "moto bai amsa ba". Rashin daidaito kuwa a hankali yake kisa. A ce an auna 415, 410 da 395. Matsakaici 406.7 ne, mafi nisa da shi 11.7, wato kusan kashi 2.9 cikin ɗari. A ido ba komai ba ne, amma bambancin karan, wato yawan wutar da moto ke ja, kan ninka wannan sau shida zuwa goma, layi ɗaya ya riƙa zafi har rufin wayarsa ya gasu. Don a san ko daga wuta ne ko daga moto, a juya wayoyin uku gaba ɗaya mataki ɗaya, yadda juyin moto ba zai sauya ba. In yawan karan ya tsaya a layin wuta ɗaya, matsalar daga sama take. In ya bi wayar moto, moton ne.

Diraib, na'urar da ke ƙara wa moto gudu ko rage masa, tana da kirki guda: tana ajiye tarihin abin da ya yanke ta. A karanta shi kafin a danna sake-kunnawa. A wutar 415V, rumbun cikinta na riƙe kusan 585V, kuma yana nan da cajinsa mintuna bayan an kashe bireka. A sa kwaɗo a makunni, makulli a aljihun mai gyara, a jira mintunan da aka rubuta a jikinta, a auna, sannan a sa hannu. Saƙon wuta ta yi yawa yayin tsayawa galibi moto ne ke mayar da ƙarfi saboda an gajarta lokacin tsayawar, ko rezistan birki ya ƙone. Saƙon karan ya yi yawa kuwa sau da yawa ba na lantarki ba ne sam: boris ya kama, ko bel ya cushe, sai a juya shaf da hannu kafin a zargi kowa. Kuma in za a gwada rufin wayar moto da mega, mitar da ke tura 500V ko 1000V, a kwance wayoyin daga diraib tukuna. Da yawa garin neman gira sun rasa ido a nan.

Kowane lokaci na shekara da cutarsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na toshe matatar iskar akwati, ta lulluɓe haƙarƙarin alminiyam da ke shan zafin diraib, ta rufe idon sensa mai aiki da haske har ya riƙa ganin kwalbar da babu. Maris da Afrilu zafi ya tarar da matatar a toshe. Yawancin diraib digiri 40 aka yi musu alkawari, akwatin da ke ƙarƙashin kwano da rana kuwa yakan wuce haka, kuma kowane ƙarin digiri 10 na raba rayuwar kafasita biyu. Maganin da aka saba, a buɗe ƙofar akwati a kafa masa fanka, gyaran gangar Auzinawa ne: zafi ya sauka yau, ƙura da ƙadangare sun samu ƙofa. Ruwan farko na zuwa, danshi ya haɗu da ƙurar nan ta zama laka mai ɗaukar wuta a kan allunan lantarki. Damina kuma ta kawo tsawa, wadda ke shigowa ta dogayen wayoyin da ke tsakanin gini da gini, da ruwa a bututun iska. Inji mai aiki da iska matsin bar 6 yake so a bakinsa, ba a ɗakin kwamfiresa ba, kuma in na'urar busar da iska ta mutu, silinda za ta riƙa nauyin jiki, ta makara da rabin daƙiƙa, PLC ta ce sensa bai amsa ba. Sensan lafiyarsa ƙalau, gaskiya ya faɗa.

Sai an wanke duk waɗannan ake buɗe shiri, kuma don karatu ake buɗe shi, ba don gyara ba. A nemi umarnin da ya ƙi fita, a bi sharuɗɗansa baya-baya har a kai ga wanda bai cika ba, sannan a koma fili a ga dalili. Kafin a taɓa komai a kwafe abin da ke cikin PLC, a gwada shi da kwafin ofis, don sau da yawa wani ya yi gyara shekara uku da suka wuce bai ajiye ba, kuma loda tsohon kwafi zai goge shi. A tsofaffin PLC masu riƙe shiri da batir, fitilar batir in ta kunnu a sauya shi wuta na kunne. Wanda ya kashe wuta tukuna don ya yi aiki cikin natsuwa zai kunna ya tarar da kwamfuta wofi.

Abin da ya rage shi ne jarabar gada. Ƙarfe huɗu na asuba, oda na jira, guntun waya ɗaya a kan makunnin ƙofa ko fosin ɗaya a cikin shiri, wato tilasta wa PLC ta ɗauka sharaɗi ya cika, zai tayar da layi nan take. A matsayin gwaji na minti biyar, mutum na tsaye a wurin, fosin kayan aiki ne. Amma ba a yi wa makunnin tsayawar gaggawa ko na ƙofar kariya, ko da wa ya ce a yi. Na sauran wurare kuma a rubuta shi a littafi da suna da lokaci, domin gadar da aka ce ta kwana ɗaya ce takan shekara, har ranar da tanki zai cika ba wanda ya gaya masa ya tsaya.

Matsalar da ke zuwa ta tafi ita ce ba a kamawa da ƙarfi, sai da tarko. A rubuta ɗan layi a shiri da zai riƙe sharaɗin da ya fara faɗuwa ya ƙirga sau nawa, a bar mita a kan 24V ta kwana, a girgiza wayoyi ɗaya-ɗaya ana kallon fitilar katin, a bi mahaɗan wuta da kyamarar zafi inji na ɗauke da kaya. Sannan a ɗora lokutan tsayawar a kan littafin aiki. In duk tsayawar na zuwa minti goma bayan wanki, ko daidai lokacin da babban kwamfiresa ke tashi, ko tsakanin azahar da la'asar kaɗai a watan Afrilu, an rage wuraren nema daga ɗari zuwa uku. A layin kwalaben nan, bayan an sauya wayar da ta goge, sauran aiki biyu: a sa mata roba a bakin ƙarfen da ya ci ta, a kuma ba toshin ƙarshen Profibus wutarsa daban, yadda gobe in tasha ta shida ta sake faɗuwa za ta faɗi ita kaɗai.